Ruɗewar mai ciwon hanta: me ya sa wani ke farfaɗowa da magani, wani kuma shiru?

Duk wanda ya taɓa zaman jinyar mai ciwon hanta a Madani ko Sinnar ko Gadarif a nan Sudan ya ji wannan tambayar, ko ma shi ya yi ta da bakinsa: "Likita, ai maganin da ake ba mutumin gadon can shi ake ba Baba. Kwalba iri ɗaya ce. Shi ga shi ya tashi har yana neman shayi, namu kuwa har yanzu bai gane kowa ba. Ko dai namu jabu ne?"

Da wuya a ce jabu ne. Ruɗewar da ciwon hanta ke kawowa tana cikin matsalolin da ke jin magani ƙwarai. Mutumin da aka kawo ranga-ranga yakan iya tashi ya ci tuwo da hannunsa bayan kwana biyu ko uku. Sai dai kwalbar maganin ba ita kaɗai ke yanke hukunci ba. Akwai abin da ya tayar da ruɗewar tun farko, akwai yadda ake ba da maganin, akwai abin da ke shiga cikin maras lafiya, sannan akwai ƙarfin da ya rage wa hantarsa da ƙodarsa da tsokarsa. Abin da ya dame ni har na zauna rubuta wannan shi ne, da yawa daga cikin abubuwan nan suna hannun mai jinya ne, wanda ke kwana a tabarma kusa da gado, amma ba kasafai ake samun mai zama ya yi masa bayani ba.

Bari mu fara da abin da ke faruwa a cikin jiki. Hanjin kowa yana samar da amoniya, wani sinadari mai guba da ke fitowa idan ƙwayoyin bakteriyar da ke zaune a hanji suka narkar da ragowar abinci, shi ma bangon hanjin yana ƙara nasa. Jinin da ya baro hanji ba ya wucewa zuciya kai tsaye. Wata babbar jijiya ce ke fara kai shi hanta, hanta ta juya amoniyar ta koma abin da ƙoda za ta iya zubarwa a fitsari. Idan hanta ta yi tabo ta ƙandare, ƙwayoyinta masu wannan aiki suna raguwa, kuma jinin kansa yana iske hanya a cushe. Manomin Jazira ya san abin da ruwa ke yi idan laka da ciyawa suka toshe tur'a, wato magudanar ban ruwa: ba ya tsayawa jira, gefe yake fasawa ya bi inda ba a so. Haka jinin yake buɗe wasu ƙananan jijiyoyi ta maƙoshi da tumbi da wajen saifa, ya kewaye hanta, ya isa ƙwaƙwalwa ba a tace shi ba. A can wasu ƙwayoyin halitta masu yi wa jijiyoyin ƙwaƙwalwa hidima sukan tsotse amoniyar, abin da suka mai da ita ya jawo musu ruwa su kumbura, sai tunani ya yi nauyi. Idan kuma akwai wata cuta mai kumburi a jiki a lokacin, ƙwaƙwalwa takan ƙara rauni a gaban amoniyar da a da take iya jurewa.

Tsakanin kashi 30 zuwa 40 cikin ɗari na masu ƙandararriyar hanta sukan gamu da wannan ruɗewa a fili a wani lokaci na ciwonsu. Likitoci suna auna ta da ma'aunin West Haven, mai hawa huɗu. Hawan farko shi ne wanda ke wuce iyali ba su lura ba. Barci ya juye, mutum ya yi ta sharɓar barci da rana, da dare kuma ido biyu yana zagaya tsakar gida. Dattijon da bai taɓa rikita raka'a ba ya sallame a ta uku a la'asar. Mai shagon da ke lissafi da ka ya tsaya yana juya canji a hannu. Mai haƙuri ya koma mai saurin fushi. A hawa na biyu sai ya manta wace rana ce, ya yi abin da bai dace da shi ba, hannunsa kuma ya fara kaɗawa. Wannan kowa zai iya dubawa a gida. A ce masa, "Baba, miƙe hannuwanka gaba, ka ɗaga tafin sama, ka buɗe yatsu, ka riƙe haka." Idan abin ya zo, za a ga tafin yana faɗuwa yana komawa, faɗuwa yana komawa, ba da son ransa ba. Hawa na uku gyangyaɗi ne mai nauyi da surutai marasa kan gado, bai ma san inda yake ba. Na huɗu doguwar suma.

A nan ne ake fara yin asara. Halin da ya canja dare ɗaya yakan sa a ce sammu ne ko iska, ko a ce tsufa ne ya zo. Sai a yi kwanaki ana rubutu da turare, wani ma a kai shi a yi masa ƙuna da ƙarfe saboda shawara. Ba na raina addu'a, kuma ba ta hana zuwa asibiti. Amma wanda aka kai a hawa na biyu da wanda aka kai a hawa na huɗu ba su fara tseren daga wuri ɗaya ba, domin wanda ya suma yana iya shaƙar amai ya shiga huhunsa, wata sabuwar cuta ta hau kan ta farko.

Abin da ya tayar da ita

Ƙa'idar da ƙungiyoyin likitocin hanta na Amurka da Turai suka fitar tare a 2014 ta faɗi wata magana da ya kamata kowane mai jinya ya riƙe: kusan kashi 90 cikin ɗari na masu wannan ruɗewa ana iya shawo kanta ta hanyar gyara abin da ya tayar da ita. Ma'ana, hantar da ta lallaɓa jiya ba ta rushe yau haka kawai ba, wani abu ne ya ƙara mata kaya. Idan ba a gano shi ba, ko an shanye kwalba goma mutum zai ɗan buɗe ido ne ya sake komawa.

Na gaba-gaba shi ne kamuwa da ƙwayoyin cuta, kuma shi ya fi iya ɓuya. Mai ƙandararriyar hanta yana iya ɗauke da cuta mai tsanani a mafitsara ko huhu ko cikin ruwan da ya taru a cikinsa, jikinsa kuma babu zafi ko kaɗan. Ruɗewar ce kaɗai alamar. Shi ya sa idan likita ya ce zai soka allura ya ɗebi ruwan ciki a kai ɗakin gwaji, bai kamata a hana ba. Na sha jin ana cewa ai idan aka taɓa ruwan nan ƙaruwa yake yi. Ɗan abin da ake ɗiba na gwaji bai wuce cikin sirinji ba, kuma da shi ake ƙirga fararen ƙwayoyin jini: idan wani nau'insu ya kai 250 a ma'aunin da ake amfani da shi, an tabbatar ruwan ya kamu, sai a fara allurar kashe ƙwayoyin cuta nan take. Wanda aka yi wa wannan a daren farko shi ne sau da yawa mutumin gadon can da ya tashi yana neman shayi.

Sai zubar jini a ciki. Waɗannan jijiyoyi da suka kumbura a maƙoshi sukan fashe. Aman jini kowa yana gani ya ruɗe, amma wani lokaci jinin ƙasa yake yi, ya fito a bayan gida baƙi ƙirin mai danƙo da wari na daban. Jinin da ya kwanta a hanji abinci ne ga bakteriya, amoniya kuwa ta yi ta tashi. Kunya tana cutar da mu a nan. Ɗa ba ya son duba bayan gidan mahaifinsa, matar kuma ba ta son faɗa a gaban surukai. Likita kuwa yana buƙatar wannan labari fiye da duk wata gaisuwa, domin shi zai sa a nemi jini, a fara allura, a shirya zura na'urar haska maƙoshi don ɗaure jijiyar.

Na uku yana da alaƙa da zafin ƙasarmu. Yawancin masu ruwa a ciki suna shan maganin sa fitsari, Lasix ko Aldactone ko duka biyun. Adadin da ya dace da mutum a watan sanyi yana iya yi masa yawa a Afrilu da Mayu, lokacin da zafi ke haura digiri 40 a Jazira, gumi na zuba, wuta kuma babu. Ƙara masa da gudawa ta kwana ɗaya, sai jiki ya bushe, ƙoda ta ja baya, gishirin jini ya rikice. Lasix yana zubar da fotasiyam, idan fotasiyam ya yi ƙasa kuma ƙoda da kanta take ƙara samar da amoniya. Sodiyam idan ya sauka ƙasa da 130 yana ƙara kumbura waɗannan ƙwayoyin ƙwaƙwalwa da amoniya ta riga ta kumbura, kuma an lura masu ƙarancin sodiyam ba sa saurin jin magani. Saboda haka gwajin ƙoda da gishirin jini ya fi gwajin amoniya amfani nesa ba kusa ba. Shi gwajin amoniya sai an ɗebi jinin an sa a ƙanƙara an ruga da shi ɗakin gwaji, in ba haka ba lambar da zai bayar ba abin dogaro ba ce, kuma ko ya fito daidai ba ya nuna zurfin ruɗewar. Iyalin da kuɗinsu ƙalilan ne, gara su kashe shi a kan na ƙoda.

Akwai kuma taurin bayan gida, wanda shi kaɗai ya isa ya kwantar da mutum. Akwai magungunan da muke saye a kanti ba tare da takarda ba. Dattijo ba ya barci da dare, sai wani ɗa mai tausayi ya kawo masa Valium, alhali rashin barcin nan shi ne hawan farko na ruɗewar, ƙwayar kuma hantarsa ba za ta iya narkar da ita ba. Tramadol haka. Voltaren da danginsa na ciwon jiki suna taɓa ƙoda suna kuma jawo zubar jini. Hatta maganin gyambon ciki irin su omefrazol, da mutane ke sha wata da watanni ba dalili, an danganta shi da ƙaruwar wannan matsala domin yana canja bakteriyar hanji. Abin da ya fi sauƙi shi ne a tattara duk wata ƙwaya da gari da jiƙo da ke ɗakin maras lafiya a leda ɗaya a ajiye a gaban likita, har da abin da ake jin nauyin nunawa. Idan mutum yana shan giya a ɓoye, a ja likita gefe a faɗa masa. Janyewar giya tana da tata ruɗewar, maganinta kuma daban ne.

Wani lokacin ma ba hantar ba ce. A Sudan duk wanda ya ruɗe sai an duba masa maleriya, ko da an san yana da ciwon hanta shekara goma. Sai an duba sukarin jininsa, domin hanta mai rauni ba ta iya ajiye sukari, yana iya faɗuwa warwas. Mai ciwon hanta jininsa ba ya saurin daskarewa, ƙaramar faɗuwa a banɗaki tana iya tara masa jini a cikin kai. Idan an yi kwana biyu zuwa uku ana magani yadda ya kamata, bayan gida yana fita, mutum kuma bai motsa ba, to lokaci ya yi da za a sake lale: ko akwai abin da ya tayar da ita da ba a gano ba, ko kuma tun farko wata cuta ce daban, a nemi hoton kai.

Kwalbar da ake zargi

Maganin nan mai zaƙi da yauƙi sunansa laktulos, wasu sun fi saninsa da Duphalac. Tun 1966 wani likita a Suwizalan, Johannes Bircher, ya nuna amfaninsa ga wannan ciwo, kuma har yau shi ne na farko a ko'ina a duniya. Sukari ne da ƙaramin hanji ba ya iya tsotsewa. Yana wucewa babban hanji, bakteriya su mai da shi tsami, tsamin ya kama amoniya ya hana ta komawa jini, sannan a kore ta waje. Wato aikinsa a bayan gida ake ganinsa. Wanda ya sha bai fita ba, kamar bai sha ba ne.

Wannan ne ya sa ba shi da adadi ɗaya ga kowa. A asibiti akan fara da kamar mililita 25 duk bayan awa ɗaya ko biyu har sai ciki ya saki, daga nan a rage a daidaita yadda mutum zai riƙa fita sau biyu zuwa uku a rana, mai laushi, ba ruwa tsululu ba. Wani cokali biyu safe da yamma ya ishe shi, wani sai ninkin haka. Mai jinya shi ke riƙe da wannan ma'auni. Takarda ɗaya a ƙarƙashin matashi ta wadatar: ƙarfe nawa aka ba shi, ƙarfe nawa ya fita, yaya kalarsa. Likitan da ya zo zagaye da safe ya iske wannan takarda ya sami rabin aikinsa a gama.

Kuskure ta gefe biyu ake yinsa. Wasu da zarar Baba ya farfaɗo sai su ajiye kwalbar, su ce ai ba shi da taurin ciki, ko shi da kansa ya ƙi saboda kumburin ciki da tusa da zaƙin da ke ginsa. Ga wahalar kai dattijo banɗaki sau uku a gidan haya ko makarantar da aka sauke 'yan gudun hijira, inda mutum hamsin ke layi a ƙofa ɗaya. Wannan uzuri ne na gaske, ban ɗauke shi wasa ba, amma barin maganin yana cikin manyan dalilan da ke mai da mutane asibiti. Zaƙin ana iya karya shi da ruwa ko ɗan lemun tsami. Mai ciwon sukari ma yana iya sha, a dai riƙa duba sukarinsa. Wasu kuma gani suke tunda kaɗan ya yi amfani, da yawa zai fi, sai su yi ta ɗura masa har ya fita sau takwas, jiki ya bushe, ruɗewar da ake gudu ta dawo ta ƙofar baya.

Abu ɗaya da nake roƙo da babbar murya: kada a ɗura wa wanda ba ya cikin hayyacinsa komai ta baki, ko magani ko ruwan rubutu ko kunu. Huhu yake tafiya. A asibiti ana ba da shi ta bututun hanci, ko ta dubura, mililita 300 a cikin 700 na ruwa.

Idan ruɗewar ta sake dawowa duk da ana shan laktulos daidai, akan ƙara rifaksimin, ƙwayar da ke zama a hanji ta rage bakteriya masu samar da amoniya, miligiram 550 sau biyu a rana. A gwajin da aka wallafa a 2010 a kan mutum 299, kashi 22 cikin ɗari na masu shan ta ne ruɗewar ta dawo musu cikin wata shida, a waɗanda ba a ba su ita ba kuwa kashi 46. Abin lura, fiye da kashi 90 na mutanen gwajin suna shan laktulos tare da ita, don haka ƙari ce a kansa, ba ta maye gurbinsa. Tana da tsada, kuma tun da yaƙi ya ɓarke a Afrilun 2023 samun magani a kai a kai ya zama wani jihadi na daban. Inda babu ita likita yakan ba da Flagyl na 'yan kwanaki, amma ba a daɗewa a kansa domin yana lalata jijiyoyi. Idan laktulos ɗin ne ya yanke a gari, a koma wurin likita ya zaɓi wani mai sassauta ciki, kada a kama jiƙon filasko ba awo.

Yunwar da muke sa su da hannunmu

Wannan ita ce ta fi ci mini rai, domin da ƙauna ake yin ta. Da an ce mutum yana da ciwon hanta, sai gida ya hana shi nama, ƙwai, madara, wake, mai, a bar shi da ruwan rake da shayi da farar shinkafa. Likitocin da ma haka suka koyar shekaru da dama, tunda amoniya daga furotin, sinadarin gina jiki da ke cikin irin waɗannan abinci, take fitowa. An bar wannan ra'ayi. Wani gwaji a Basalona ta Sifen a 2004 ya nuna waɗanda aka ba abinci mai furotin daidai sun farfaɗo kamar waɗanda aka hana, waɗanda aka hana kuwa jikinsu ya koma cin kansa.

Dalilin yana cikin tsoka. Idan hanta ta gaza, tsokar jiki ce ke karɓar wani ɓangare na aikin kwashe amoniya daga jini. Duk dattijon da ka ga cinyoyinsa sun zube, kafaɗunsa sun fito, gefen goshinsa ya loɓa, ga ciki tulu da ruwa, to ya rasa mataimakiyar hantarsa, kuma irinsa ne ruɗewa ke yawan dawo wa. Abin da ake so a yau shi ne giram 1.2 zuwa 1.5 na furotin ga kowane kilo na nauyin jiki a rana. Mai kilo 60 yana buƙatar giram 72 zuwa 90. Ƙwai ɗaya giram 6 ne kacal, kofin madara kamar 8, kofin dafaffen adas, ɗan ƙaramin dangin wake, kamar 18. Duk wanda ya yi wannan lissafi zai ga yadda muke barin majinyatanmu da yunwa.

Sa'ar da muka yi, furotin na tsiro da na nono ya fi kwanciya wa irin waɗannan majinyata, kuma shi ne abincinmu na kullum: ful, adas, wake, gyaɗa, nono, zabadi. Nama ba haramun ba ne gare shi. Ɗan kifi ko kaza ko tsoka biyu a miya babu laifi. Abin da ba a so shi ne ya zauna ya tashi da tiren agashe shi kaɗai a zama ɗaya, ga gishiri ga yaji, musamman mai ruwa a ciki da aka ce ya rage gishiri. Farin cukun nan mai gishiri da ake barbaɗawa a ful ma a ɗaga masa ƙafa. A rarraba abincin kaɗan-kaɗan sau biyar ko shida, kuma kada ya kwanta da ciki wayam. Hanta mai tabo ba ta da rumbun ajiya, dare ɗaya ba ci a wurinsa daidai yake da yunwar kwana biyu zuwa uku a wurin mai lafiya. Kofin godo-godo da nono kafin barci, da karin kumallo da sassafe, magani ne sosai. Wannan ne kuma ya sa wanda ya taɓa ruɗewa ko yake da ruwa a ciki bai kamata ya ɗauki azumi ba sai ya zauna da likitansa, kuma addini ya ba maras lafiya rangwame.

Hantar da ta rage

Bayan duk wannan, akwai abin da ba ya hannun mai jinya. Ciwon hanta ba iri ɗaya ba ne, kuma a yankinmu bambancin a bayyane yake. Tun da aka gama madatsar Sinnar a 1925 aka buɗe gonakin Jazira, daga baya Manaƙil da Rahad, bilharsiyar hanji ta sami gida a magudanan ruwa. Mutanenmu da ke zaune a kambo, wato matsugunan 'yan ƙwadagon gona, masu cirar auduga da ban ruwa da wanki a bakin tur'a tun suna yara, suna cikin waɗanda ta fi kamawa. Ƙwan tsutsar yana maƙalewa ne a kewayen jijiyoyin cikin hanta ya yi tabo a nan, amma ƙwayoyin hantar kansu yakan bar su da sauran ƙarfi. Irin wannan majinyaci yana da ƙatuwar saifa, yana aman jini mai ban tsoro, amma ruɗewa ba ta cika kama shi ba, in ta zo bayan zubar jini kuma takan wuce da wuri. Wanda cutar hanta nau'in B ta cinye wa hanta shekara ashirin ba haka yake ba, ƙwayoyin ne suka ƙare. Wanda ya haɗa biyun, bilharsiya da nau'in B, shi ya fi kowa shan wuya. Mutum biyu ke nan a gado biyu, duka an rubuta musu ciwon hanta, amma abin da ke cikinsu ya sha bamban.

Wani bincike da aka yi a Delhi ta Indiya, aka wallafa a 2010, ya bi mutum 231 da aka ba laktulos. Kashi 78 cikin ɗari sun farfaɗo. Waɗanda ba su farfaɗo ba an same su da abubuwa huɗu: makin tsananin ciwon hanta da ake kira MELD ya yi sama, fararen ƙwayoyin jini sun yi yawa, hawan jininsu ya yi ƙasa, ko kuma akwai sankarar hanta. Shi makin MELD ana haɗa shi ne daga gwajin shawara da na daskarewar jini da na ƙoda. A nan za a ga yadda ƙoda ke shiga ko'ina a wannan magana, ita ce ƙofar fita ta biyu, idan ta rufe aikin ya ninka.

Akwai kuma wani rukuni mai ban mamaki: gwajin hantarsu bai yi muni ba, suna shan magani daidai, amma ruɗewa ba ta barinsu. Sau da yawa idan aka yi musu hoton ciki na sikana sai a iske wata ƙatuwar jijiya guda ta buɗe tana kwashe jini tana kewaye hanta. Inda akwai kayan aiki ana iya toshe ta, muddin hantar tana da sauran ƙarfi. Haka wanda aka yi wa tiyatar karkatar da jini don hana aman jini, ko aka sa masa bututun TIPS a Masar ko Saudiyya, dole likitan da ke duba shi ya san da wannan, domin hanyar da aka buɗe da gangan ita ma tana kai amoniya ƙwaƙwalwa.

Duk bayanin nan a kan tsohon ciwo ne. Idan mai lafiya garau ya yi shawara kwatsam, cikin kwanaki ya fara ruɗewa, musamman mace mai ciki, wannan wata wuta ce daban. Cutar hanta nau'in E, mai bin gurɓataccen ruwa, ta yi wa masu juna biyu ɓarna a sansanin Mornei na Darfur a 2004, kuma duk inda mutane suka cunkushe babu tsaftataccen ruwa tana iya dawowa. A irin wannan hali ƙwaƙwalwa kumbura take yi da sauri, laktulos ba ya wadatarwa, sai ɗakin kulawa ta musamman, a kuma tafi a ranar.

Ga mai tsohon ciwo, ranar sallama ba ƙarshen magana ba ce. Kusan kashi 40 cikin ɗari ruɗewar takan dawo musu cikin shekara guda, shi ya sa ake ci gaba da laktulos a gida. Kada ya koma tuƙin raksha ko tarakta ko aiki a bakin injin markaɗe sai likita ya yarda, domin saurin tunani yakan daɗe bai dawo ba ko da hira ta dawo daidai. Mai nau'in B da ke shan tenofobir ko entekabir kada ya yanke ko na mako ɗaya, yankewa tana iya tayar da cutar ta rusa abin da ya rage, don haka duk wanda zai yi ƙaura ya sa wannan ƙwaya a gaba da kayan sawa. Nau'in C yanzu ana warkar da shi da ƙwayoyi cikin kamar mako 12. Ruɗewar farko kuma alama ce cewa ciwon ya shiga wani mataki, saboda haka lokacin ne ya dace manyan gida su tambayi likita a fili ko dashen hanta zai yiwu, nawa zai ci, wa zai iya bayarwa a dangi, tun maras lafiya yana da tsoka a jikinsa da ƙarfin yin tafiya zuwa inda ake yin dashen. A wannan zaman ne kuma ya kamata a kai matarsa da 'ya'yansa gwajin nau'in B, wanda bai kamu ba a yi masa rigakafi allura uku.